Dabbar Da Ke Haushi Kamar Kare A Dazukan Asiya

Tambaya: Na ga hoton bidiyon wata ƙaramar dabba mai kama da gada tana haushi kamar kare, aka ce a Asiya take. Shin wani nau'in gada ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Dabbar da ka gani ita ce muntjak, kuma duk da kamar da suka yi, ba dangin gada ba ce ta kusa. Bambancin yana ga ƙaho: na gada ba ya faɗuwa har ta mutu, amma na muntjak, wanda namiji kaɗai ke da shi, yakan faɗi ya sake tsirowa. Gajere ne, yana tsaye a kan wani dogon ƙashi da fata da gashi suka lulluɓe.

Tana zaune a kurmin Indiya, kudancin Sin, Taiwan da Indonesiya. Ɗaya daga cikin nau'o'in da ke ƙasar Sin tsayinsa a kafaɗa bai wuce santimita 50 ba, nauyinsa kuma tsakanin kilo 10 zuwa 18. Ba ta garke. Ita kaɗai take kiwo da asuba da almuru, tana tsinkar ganye da tohon itatuwa da 'ya'yan itacen da suka faɗo. A ƙarƙashin idanunta akwai wasu ramuka masu fitar da maiƙo mai wari, wanda take gogawa a jikin rassa domin ta shata iyakarta, kuma a wannan kam ta yi tarayya da gada.

Haushin nan takan yi shi ne idan ta ji motsin damisa ko wani abin tsoro, wani lokaci ta daɗe tana maimaitawa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne makamin namijin, domin idan faɗa ya kaure a kan mace ko iyaka, ya fi dogara da dogayen fiƙoƙinsa na sama, waɗanda ke leƙowa daga leɓe, yana yankar abokin gaba da su.

Ba ta da lokacin haihuwa takamaimai. Cikinta wata bakwai ne, ta haifi ɗa guda, kuma cikin 'yan kwanaki tana iya ɗaukar wani. Wannan saurin haihuwa ne ya sa waɗanda aka kai gandun Woburn a Ingila fiye da shekara ɗari da suka wuce, bayan sun fita daga shinge, suka bazu a ƙasar har masu kula da daji ke kokawa da ɓarnar da suke yi wa ƙananan tsirrai.