Wai "sorry" da "sannu" ba ɗaya ba ne, Kawu?

'Yata, na ga saƙonki tun daren jiya, sai dai idona ba ya son karatun waya da dare, shi ya sa na bari sai da gari ya waye. Kin ce kun je ta'aziyya Tudun Wada ke da Hajiya, kin durƙusa gaban matar mamacin kin ce "sorry Anti", Hajiya ta watsa miki harara, da kuka koma gida kuma ta wanke ki tas. Kina tambaya ina laifinki, tunda "sorry" ai ita ce "sannu" da Turanci.

Hajiya tana da gaskiya, ko da yake da ni ne da faɗan bai kai haka zafi ba. Bari in fara ta wajen Turancin, tunda shekara talatin da ɗoriya na yi ina cin abinci da shi a gaban allo.

"Sorry" sifa ce, kuma mai magana take sifantawa. In Bature ya ce "I am sorry", labarin kansa yake bayarwa, cewa shi ne ransa bai yi daɗi ba. A tsohon Turanci ma'anarta wanda ke jin ciwo, dangin "sore" ce, wato miki ko tsamin jiki. Mutane da yawa suna zaton daga "sorrow" ta fito don sun yi kama a kunne, alhali ba tushensu ɗaya ba. Da ita suke ba da haƙuri in sun yi laifi, da ita suke jajantawa, da ita mai kanti zai sallame ki in kaya sun ƙare. In bai ji abin da kika faɗa ba sai ya ɗaga murya ya ce "sorry?", inda mu za mu ce "na'am?". Har abin da ya lalace ya zama abin tausayi suna cewa yana cikin "sorry state", kamar masaƙun Kakuri a Kaduna da muka sani suna aiki dare da rana, yau ciyawa ta cinye harabarsu. Kada kuma ki ɗauka kalma ce marar nauyi a wurinsu. A Ostireliya, firayim minista John Howard ya yi shekaru yana ƙin furta ta ga 'yan asalin ƙasar da hukuma ta raba da 'ya'yansu, sai da Kevin Rudd ya hau ya faɗe ta a majalisa ranar 13 ga Fabrairu, 2008.

Ina sabon malami, akwai wani Bature da muke koyarwa tare. Wata rana ya fito daga ofis rungume da littattafan yara, ya yi tuntuɓe da bakin dakali, littattafai suka watse. Na yi maza na ce "sorry sir". Ya ɗago yana kakkaɓe gwiwa, ya dube ni da mamaki, ya ce don me, ai ba kai ka ture ni ba. Ni "sannu" nake nufi, shi kuma "na yi laifi" ya ji. Mu 'yan Najeriya ne muka ɗora wa kalmar wannan kaya, har ta zauna a Turancinmu, kuma ban ga aibun hakan ba. In kin taka ƙafar wani a layin shiga jirgin ƙasa a tashar Rigasa, ko ƙawarki ta ƙone da ruwan shayi, ce musu "sorry" abinki, ba wanda zai kai ki ƙara.

Hausa dai ba ta yarda hula ɗaya ta rufe kawuna biyar ba. Wanda ya yi tuntuɓe "sannu" ake ce masa, ya ce "yauwa". Marar lafiya, "sannu, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi". Wanda aka yi wa sata ko gobara, "Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba". Ɗan dako a Kasuwar Barci da buhu a ka "gafara" yake cewa a ba shi hanya. In kuwa ke kika yi laifi, ba ruwan "sannu" a ciki. "Ki yi haƙuri" za ki ce, in babba ce ki ƙara da "na tuba, ki yafe mini, Allah ya huci zuciyarki". Ki lura, duk waɗannan wancan mutumin suke kallo, ciwonsa, haƙurinsa, zuciyarsa. Ba mai tambayar yadda ke kika ji.

To a gidan makoki abin ya fi ko'ina tsanani, don abin da ake kaiwa can addu'a ce, gaisuwar share fage ce kawai. Kin cire takalmi, kin durƙusa, kin gaida ta. Sai ki ce "ya haƙuri?", ta ce "da godiya". Ki ce "Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ya huta", ta ce "amin". Ki ce "Allah ya raya abin da ya bari, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani", ɗakin gaba ɗaya ya amsa, har tsohuwar da ke lungu tana jan carbi. Ita kuma ta ce "Allah ya ba da lada". Kowace magana da amsarta, kamar guga da igiya. Matar da mijinta ya rasu shekaranjiya ba ta da ƙarfin neman abin faɗa, al'ada ta riga ta sa mata amsar a baki, nata kawai ta furta. Da kika ce "sorry", me kike so ta ce? "Amin" ba ta shiga, "yauwa" ba ta shiga. Kin bar ta da baki buɗe, mamacin kuma bai samu komai ba daga zuwanki. Abin da ya ƙona wa Hajiya rai ke nan, ba Turancin ba. Ita da ke cewa "asibiti" da "mota" kullum, ina ta ga bakin ƙin kalmar aro?

Na san a makarantarku har malamai "sorry" suke cewa, bakinki ya saba, ba raini ba ne. Ni ma da na daɗe a aji sai da na riƙa kama harshena in zan shiga cikin dattawa a Masallacin Sultan Bello.

Matar tana takaba, wata huɗu da kwana goma tana gida, saboda haka ƙofa a buɗe take. Ranar Juma'a bayan la'asar zan biyo in ɗauke ki mu koma tare, ni in tsaya wajen maza a zaure, ke ki shiga ciki. Ki sa babban mayafi, ki kashe ƙarar wayar nan taki. Kafin nan ki je ki ba Hajiya haƙuri, kuma don Allah kada ki ce mata "sorry".