Kafin ka taho Ingila, ka san "sorry" ba "sannu" ba ce

Ƙanena, saƙonka ya iso. Kai ma kamar sauran, ka ci jarrabawar IELTS, kana ganin ka gama da Turanci, saura biza da kuɗin jirgi. To, ɗauki kalma ɗaya da ka sani tun firamare: "sorry".

A gida mun mai da ita "sannu". Mutum ya yi tuntuɓe, ka ce masa sorry, ya amsa. A nan kuwa Bature zai dube ka ya ce ai ba laifinka ba ne. Abin takaicin, mu ne muka fi kusa da asalinta. A tsohon Turanci "sarig" ce, daga "sar", wato ciwo, tushensu ɗaya da "sore". Mai jin zafi a rai ke nan. Har yau da ita Turawa suke ta'aziyya, amma a wurin aiki amsa laifi kunnensu yake fara ji.

Na ɗanɗana a gidan kula da tsofaffi inda na yi aikin dare lokacin ina karatu. Wata dattijuwa ta zame, na ruga ina ce mata sorry, sorry, yadda zan yi wa kakarmu. Washegari na ga an rubuta a rahoto cewa na ba da haƙuri kan faɗuwarta, alhali ko kusa da ita ba na nan sanda ta faɗi. Tausayina aka mai da shaida a kaina, kuma har yanzu abin yana ci mini rai. Akwai dokar diyya ta 2006 da ta ce ba da haƙuri kaɗai ba amsa sakaci ba ne, amma doka tana kotu, shugabar aiki kuwa tana gabanka da biro. Da juriya na wanke kaina, na gama digirina ba wanda ya biya mini ko kwabo.

In an ce maka "sorry?" da ɗaga murya, maimaita ake nufi. A cikin bas, "gafara dai" ce. Wasiƙar neman aiki in ta dawo da ita a layin farko, an ƙi ka, kada ka zauna jira. "Pardon" daga Faransanci ta zo. "Apology" kuwa daga Girkanci, inda take nufin jawabin kare kai, kuma tana da nauyi, kada ka sa ta a rubuce sai ka tabbata laifin naka ne. Wani ya faɗi, ka tambaye shi ko lafiya, ka kira mai kula.

Batun masauki kuma, ɗakina ɗaya ne. Ka nemi na makaranta tun yanzu. Ka gaida su Inna.