Tambaya da Amsa: Agogon da Tauraron Ɗan'adam Ke Yi wa Saiti

Wasiƙu uku ne suka taru a kan magana ɗaya a wannan watan, duka daga cikin garin Kaduna, don haka na haɗa su wuri guda. Ta farko ce ta fi tsawo, kuma ita ce za ta ci mafi yawan filin.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai gyaran rediyo ne a Tudun Wada, kuma ina sha'awar kayan awo tun ina yaron shago. Wani abokina ya kawo mini kwancen na'urar Trimble Thunderbolt, na kafa eriyarta a kan rufi, na haɗa ta da tsohuwar kwamfuta, na sa manhajar Lady Heather mai nuna aikinta a kan allo. Abubuwa uku sun dame ni. Tsohuwar manhajar kamfanin tana nuna kwanan wata na kusan shekara ashirin baya, ita kuwa Lady Heather tana nuna na yau. Layukan da ke kan allo suna hawa da sauka kullum kamar igiyar ruwa. Sannan bayan magariba, wasu ranakun, taurarin da take kamawa sukan ragu. Shin an sayar wa abokina lalatacciya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ina ganin na'urarka lafiyarta ƙalau, kuma abubuwa ukun da ka lissafa suna cikin abin da ya sa ake kafa irin wannan manhaja tun farko. Sai dai kafin in shiga cikinsu, bari in yi wa sauran masu karatu bayanin abin da muke magana a kai, domin da yawa za su ɗauka agogon bango ne.

A cikin wannan akwati akwai ɗan ƙanƙanin dutsen kwatz, ɗan'uwan wanda ke cikin agogon hannu, amma maimakon bugu 32,768 a sakan ɗaya da na hannu ke yi, wannan bugu miliyan 10 yake yi. An rufe shi a cikin wata 'yar tanda da ke riƙe zafinsa a mataki ɗaya dare da rana, saboda kwatz yana sauya gudu idan zafi ya sauya. Dutsen yana da natsuwa ƙwarai daga sakan zuwa sakan, amma idan aka bar shi makonni sai ya riƙa zamewa a hankali yayin da yake tsufa. Su kuwa taurarin GPS, waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200 ɗauke da agogunan atam, halinsu akasin haka ne: saƙonsu yana iso mana da 'yar rawa daga sakan zuwa sakan, amma a tsawon kwanaki ba ya kaucewa. Aikin na'urar shi ne ta aurar da waɗannan halaye biyu. Tana kwatanta gudun dutsen da lokacin taurari, sai ta ɗan ƙara ko ta ɗan rage wani ƙaramin ƙarfin lantarki da ke jan linzamin dutsen. Idan komai ya zauna, kuskuren gudunta a matsakaicin yini guda yakan sauko wajen kashi ɗaya cikin tiriliyan. Kamfanonin waya ne suka fara amfani da irin waɗannan a tashoshinsu, da suka sauya kayan aiki kuma sai tsofaffin suka faɗo kasuwar kwance, masu sha'awa suka same su da araha.

Maganar kwanan wata ita ce mafi sauƙi. Lokacin GPS ya fara ƙirga ne daga ranar 6 ga Janairun 1980, kuma a tsohon saƙon da taurarin ke aikowa, gurbin lambar mako ba ya iya ɗaukar fiye da makonni 1,024, wato shekara 19 da wata bakwai da 'yan kai. Idan ya cika sai ya koma sifili, kamar yadda ma'aunin tafiyar tsohuwar mota ke yi. Hakan ya faru a watan Agustan 1999, ya sake faruwa a Afrilun 2019. Ita Thunderbolt tana ƙirga nata makonnin ne daga wata rana da aka dasa a ƙwaƙwalwarta, shi ya sa nata juyin ya zo a ƙarshen Yulin 2017, ta koma nuna Disamban 1997. Sababbin fitowar Lady Heather suna gane wannan, su ƙara makonni 1,024 da kansu. Saboda haka kwanan watan da take nuna maka shi ne daidai. Abin da ya fi muhimmanci shi ne wannan kuskure bai taɓa bugu miliyan 10 ɗin ba, bai kuma taɓa bugun nan guda da na'urar ke fitarwa a farkon kowane sakan ba. Kwanan wata kawai ta manta.

Hawa da saukar layuka kuwa, a nan ne daɗin abin yake. Ka nemi layuka biyu a kan allon: na zafin cikin akwatin, da na ƙarfin lantarkin da ke jan linzamin dutsen. Ka faɗaɗa zanen ya nuna maka kwana biyu ko uku a jere, ba awa ɗaya ba. Ina kyautata zaton za ka ga suna tafiya tare, ɗaya na bin sawun ɗaya, suna juyawa da hantsi, su kai maƙura wajen la'asar, su dawo kafin asuba. Wato abin da kake kallo zafin shagonka ne. Tandar tana kare dutsen, amma ba ta kare sauran kayan da ke kewaye da ita, kuma shagon da ke ƙarƙashin rufin kwano a Kaduna, musamman a hunturu lokacin da dare ke da sanyi rana kuma ta buɗe da zafi, yana sauya yanayi fiye da ɗakin da aka ƙera na'urar dominsa. Tawa tana kan wani kanta kusa da ƙofa a lokacin da na fara, kuma na shafe kusan mako ina mamakin wani ɗan lanƙwasa da ke fitowa a zanen kullum wajen ƙarfe biyar da rabi na safe, kafin na gane cewa lokacin ne nake buɗe ƙofa in fita masallaci, iskar hunturu ta shigo ta bugi akwatin. Da na mayar da ita lungu, na kifa mata kwali mai 'yan ramuka a sama, lanƙwasan ya ɓace, igiyar yinin ma ta kwanta sosai. Ka nisanta ta daga fanka da taga da na'urar sanyaya ɗaki. Amma kada ka naɗe ta ruf da bargo ko ka kulle ta a cikin kula, domin ita ma tana fitar da zafi, kuma a watan Maris da Afrilu za ka iya dafa ta. Iska mai kaɗawa ake tsare mata, ba numfashi ake hana ta ba.

Akwai kuma wani dalili na biyu da kan sa layin da ke nuna kuskuren bugun nan na kowane sakan ya riƙa yawo, shi ne idan na'urar ba ta san ainihin inda eriyarta take ba. Saƙon rediyo yana cin kimanin santimita 30 a nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan, don haka kuskuren mita ɗaya a wurin da aka ɗauka eriya take yana iya zama kuskuren nanosakan uku da ɗoriya, kuma girman kuskuren yana sauyawa yayin da taurari ke fitowa da faɗuwa. Tunda kwance ce, mai yiwuwa ta zo da wurin tsohon gidanta a ƙwaƙwalwa, ko kuma ta yi gajeren awon wuri da takan yi da kanta tun farko ta tsaya a kai. Lady Heather tana da dogon awon wurin eriya na awa 48. Ka ɗaure eriyar da kyau a inda za ta zauna din-din-din, sama da rufi, nesa da tankin ruwa da bangon bene na maƙwabta, ka sa awon, ka bar shi ya ƙare, ka adana sakamakon. Idan ka sake matsar da eriyar, ko da taku biyu ne, sai an sake.

Na uku shi ne wanda littattafan da aka rubuta domin Turai da Amurka ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa a bakin ƙofarmu yake. Can sama da inda jirage ke bi akwai wani ɓangare na sararin samaniya mai cike da cajin lantarki da ake kira ayonosfiya, kuma dole saƙon taurari ya ratsa shi kafin ya iso eriyarka. Kaduna tana kan digiri 10 da rabi arewa da tsakiyar duniya, kuma layin tsakiya na maganaɗisun duniya yana ratsa Nijeriya. A wannan yanki, bayan faɗuwar rana, ayonosfiya takan yamutse, ta yi wasu kumfa-kumfa da ke sa ƙarfin saƙon ya riƙa ƙyaftawa kamar tauraron da ake hange a daren iska. Abin ya fi tsanani daga bayan magariba zuwa tsakar dare, ya fi yawa a wajajen Maris da Afrilu da kuma Satumba da Oktoba, kuma yana ƙaruwa a shekarun da rana ke kan ganiyar tashin hankalinta a zagayenta na kimanin shekara 11, kamar yadda aka shiga a 2024. Thunderbolt tasha ɗaya take saurare, ta megahaz 1575.42, don haka ba ta da hanyar auna wannan yamutsi ta cire shi kamar yadda na'urori masu tasha biyu ke yi. Abin da za ka iya yi shi ne ka umarce ta ta yi watsi da taurarin da ke ƙasa da digiri 15 ko 20 daga doron ƙasa, tunda saƙonsu ne ya fi doguwar tafiya a cikin yamutsin. Muna da sa'a ta wani gefen, domin a nan taurarin suna bayyana kusan ta kowace kusurwa, kuma da zarar na'urar ta san wurinta, ko da kaɗan suka rage tana iya riƙe lokaci.

Shawarata ta ƙarshe gare ka, Malam, ita ce ka ɗaure hannunka. Manhajar tana ba da damar sauya tsawon lokacin da na'urar ke ɗauka kafin ta bi gyaran taurari, wanda daga kamfani yake kan sakan 100, kuma masu sha'awa da yawa sukan tsawaita shi zuwa ɗaruruwa. Yana da amfani idan dutsen mai kyau ne kuma zafin ɗaki ya zauna, amma a shago mai rufin kwano dogon lokaci yana iya sa ta makara wajen gyara abin da zafi ya ɓata. Ka bar ta a kunne wata guda tana rubuta tarihinta, sannan ka sauya abu ɗaya tak, ka jira kwana uku ka kwatanta. Wanda ya taɓa abu huɗu a dare ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun lantarki, ina zaune a Barnawa. Yayana ya bar mini irin wannan na'ura. A unguwarmu ana ɗauke wuta sau da yawa a yini. Zan iya kunna ta lokacin da nake buƙata kawai?

Amsa: Za ki iya, Malama, amma ba za ki ci moriyarta sosai ba. Duk lokacin da tandar ta huce ta sake ɗumama, dutsen yakan ɗauki awoyi, wani lokaci kwanaki, kafin ya koma natsuwarsa, kuma abin da na'urar ta koya game da halinsa yakan tafi. Ki bambanta abubuwa biyu: idan taurari ne suka ɓace alhali wuta na nan, na'urar takan ci gaba da tafiya da abin da ta koya, ta riƙe lokaci da kyau na wasu awoyi, manhajar kuma ta nuna miki cewa tana tafiya da ka ne. Idan wuta ce ta tafi, komai ya tsaya. Tunda abin da take ci bai fi na ƙaramin ƙwan lantarki ba, batir da ƙaramar inbata, ko layin sola idan akwai a gidan, sun isa. Ki duba irin wadda kike da ita kafin ki haɗa mata waya, domin Thunderbolt ta asali tana buƙatar ƙarfi uku daban, wato bolt 5, da 12, da kuma 12 na ƙasa da sifili (-12), kuma kuskure a nan yana ƙona ta. Kafin damina kuma ki sa abin kare tsawa a kan kebul ɗin eriya, ki haɗa shi da ƙarfen da aka binne a ƙasa, saboda eriyar da ke saman rufi kan jawo abin da ba a gayyata ba har cikin kwamfuta.

Tambaya: Daga Kawo nake rubutowa. Agogon da ke kan allona ya sha bamban da na wayata da awa ɗaya, kuma da na danna wani maɓalli sai ya ƙara sakan 18. Wanne ne gaskiya?

Amsa: Duka ukun gaskiya ne, Malam, kowanne a ma'auninsa. Manhajar tana nuna lokacin duniya na UTC, agogon Nijeriya kuma yana gaba da shi da awa ɗaya cif, sai ka saita mata yankinmu. Sakan 18 ɗin kuwa bambanci ne tsakanin lokacin GPS da UTC. Juyawar duniya ba ta tafiya daidai da agogon atam, don haka akan cusa wa UTC ƙarin sakan ɗaya jefi-jefi domin kada ya rabu da rana, shi kuwa lokacin GPS ba a taɓa shi tun 1980. Ƙari na baya-bayan nan an yi shi ne a daren ƙarshe na 2016, wanda ya kai tazarar 18. Idan ka kunna na'urar daga sanyi, ka ba ta kamar minti 13 kafin ka yarda da sakan ɗin da take nunawa, domin cikakken saƙon da ke ɗauke da wannan tazara yana ɗaukar minti 12 da rabi kafin ya gama saukowa daga tauraro. Wayarka kuma kada ka yi mata hukunci da ido a kan rabin sakan, tunda shi kansa allon kwamfutar yana ɗan makara wajen zana lambobin. Ainihin lokacin yana kan bugun da ke fita ta soket ɗin bayan akwatin.