Ribar gwaji a kan tsofaffin farashi ba ta isa ba

Malam daga Gombe, ka tambaya ko ribar da manhajarka ta cinikin kuɗaɗen waje ta nuna a kan tsofaffin farashi a MetaTrader 5, dandalin da ake wannan ciniki a kansa, ta isa ka zuba mata kuɗi. Ba ta isa ba, sai ta yi watanni a asusun gwaji tukuna, wato wanda ake ciniki a kan farashin yau amma ba da kuɗin gaske ba.

Manhajar da aka yi ta gyara wa saiti har ta dace da wasu shekaru, haddace su kawai ta yi. Shi ya sa nakan gwada ta a shekarun da ban yi gyara a kansu ba, musamman 15 ga Janairu 2015, ranar da babban bankin Suwizalan ya janye iyakar 1.20 da ya sa wa farashin canji tsakanin yuro da kuɗinsa, farashi ya tsallake inda mutane suka sa a tsayar musu da asara.