Hukuncin Miƙar da Gashi da Rilaksa ko da Zafi, da Abin da Ya Shafi Alwala da Wanka

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a Zariya. Gashina yana da cika da tauri ƙwarai, ba ya tajuwa sai da wahala, shi ya sa nake shafa rilaksa, wani lokaci kuma a miƙar mini da shi da ƙarfe mai zafi a shagon gyaran gashi. Wata maƙwabciyata ta ce wannan canza halittar Allah ne, kuma mai yin sa tana cikin tsinuwa. Sannan masu shagon sukan ce kada in bari ruwa ya taɓa kaina na wasu kwanaki. Ina kuma da 'ya 'yar shekara 6 da take kuka duk ranar tsifa, ina tunanin sa mata. Mene ne hukunci?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, asalin hukuncin ado shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani, domin Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul A'araf, aya ta 32: "Ka ce: wane ne ya haramta ƙawar Allah wadda ya fitar wa bayinsa?" Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce wanda yake da gashi to ya karrama shi, karrama shi kuwa ya haɗa da wankewa da shafa mai da tajewa da duk abin da zai sa ya yi kyau ya yi laushi. Saboda haka tausasa gashi mai tauri ko miƙar da shi, ko da mai ne ko da zafi ko da zare, halal ne ga mace, kuma idan ta yi shi domin mijinta tana da ladan kyakkyawar niyya.

Maƙwabciyarki ta kawo magana mai nauyi, amma ta ɗora ta a inda ba gurbinta ba. Ayar da take nufi ita ce ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane su canza halittar Allah, hadisin tsinuwar kuwa ya ambaci masu yin zane a fata da allura, da masu fige gashin fuska, da masu sassaƙe haƙora su buɗa tsakaninsu don neman kyau, da mai ƙara gashi da wadda ake ƙara wa. Babu miƙar da gashi a cikin waɗannan. Imamul Ƙurɗubi, wanda babban malami ne a mazhabar Malikiyya, ya bayyana a tafsirin wannan aya cewa abin da aka hana shi ne canjin da yake wanzuwa, amma wanda ba ya wanzuwa, kamar kwalli, malamai sun halatta shi. Wani zai ce ai silin gashin da rilaksa ta taɓa ba ya komawa yadda yake. Haka ne, sai dai tushen gashin bai canza ba, domin bayan 'yan makonni sabon tsiro yana fitowa da murɗewarsa ta asali, abin da ya sa masu shafawa suke komawa shago ke nan. Wannan daidai yake da lalle, wanda launinsa yake zama a jikin silin gashi har sai an yanke shi ko ya zube, kuma babu malamin da ya ce rina gashi da lalle canza halitta ne. Ina jan hankalin duk mai saurin furta kalmar tsinuwa da ya ji tsoron Allah, domin jingina wa Annabi (SAW) la'antar abin da bai la'anta ba, shi kansa laifi ne babba.

Inda tsoro yake a tambayarki shi ne maganar nan ta masu shago, cewa kada ruwa ya taɓa kai, kuma a nan ne na fi so ki tsaya ki saurara. Rilaksa dai ana wanke ta tas a zaman da aka shafa ta, ba ta barin wani ɓawo a kan gashi, don haka alwala da wanka suna inganta bayanta ba tare da wata matsala ba. Miƙarwar da ake yi da ƙarfe mai zafi ko da na'urar busar da gashi ita ce ruwa yake warwarewa, saboda zafin bai karya ginin gashin ba, ya dai shimfiɗa shi ne na ɗan lokaci, da ya jiƙe sai ya koma ya cure. Daga nan ne mace take fara wasa da addininta ba ta sani ba: ta zo shafar kai sai ta ɗan taɓa gaban goshi da yatsa biyu a saman ɗankwali, ko wanka ya wajaba a kanta sai ta wanke jiki ta bar kai, ko ta jinkirta wankan har Asuba ta wuce, Azahar ta bi ta, duk don kada kuɗin da aka kashe a shago ya tafi a banza. An fi ganin wannan ga amare a makon biki, kuma babu wani malami da ya halatta barin salla ko yin taimama domin kare gyaran gashi.

A mazhabar Imamu Malik, wadda yawancin mutanen ƙasarmu suke kai, shafar kai gaba ɗaya farilla ce a alwala, daga matsirar gashi ta gaba har zuwa ƙeya. Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya faɗa a Risala cewa mace tana shafa gashinta da ya sauko, ba ta shafa a kan abin da ta rufe kai da shi, kuma tana shigar da hannuwanta ƙarƙashin kitsonta a lokacin dawo da shafar. Ki lura cewa shafa aka ce, ba wanki ba: ki jiƙa hannuwanki, ki sake ruwan ya zube, sannan ki bi kan da damshin da ya rage. Wannan ɗan damshi ba ya ɓata gyara sai kaɗan, kuma ko ya ɓata, farilla tana gaba da ado. Wanka kuwa, na janaba ko na haila ko na biƙi, dole ne ruwa ya game gashin ya kai ga fatar kai. Sauƙin da Shari'a ta yi wa mace shi ne ba sai ta tsefe kitso ba, kamar yadda Muslim ya ruwaito cewa Ummu Salama ta tambayi Annabi (SAW) a kan kitsonta, ya ce ya ishe ta ta kamfata ruwa sau uku ta zuba a kanta, sannan ta kwarara ruwa a jikinta. Nana A'isha ma da ta ji Abdullahi ɗan Amru yana umartar mata su warware kitso idan za su yi wanka, ta yi mamaki har ta ce me ya hana ya umarce su su aske kawunansu. To, sauƙin ya tsaya ga barin kitso a ɗaure, bai kai ga barin kai a bushe ba. Na san akwai wani rangwame da wasu littattafan Malikiyya na baya suka ambata, cewa amaryar da aka yi wa ado mai tsada a kai za ta iya shafawa kawai, amma ya saɓa wa abin da aka sani a mazhabar, kuma hadisin Ummu Salama ya fi ƙarfinsa, don haka ba na ba da fatawa da shi. Mace mai dabara tana iya kai gyaran da ba ya son ruwa cikin kwanakin al'adarta, lokacin da salla ba ta hau kanta ba, ta ji daɗinsa har ranar da za ta yi wankan tsarki.

Sai abubuwan da ake shafawa don gashi ya kwanta. Ƙa'idar ita ce a bambanta abin da yake barin maiƙo kawai da abin da yake da jiki. Man kaɗanya da man shanu da man kwakwa da man zaitun, idan sun narke sun shiga gashi, ba sa hana alwala ko wanka, haka ma karkashin da iyayenmu suke wanke kai da shi don gashi ya yi santsi. Amma abin da yake daskarewa ya zama ɓawo, kamar gam ɗin da ake manna hular gashi da shi, ko mai kauri irin na kakin zuma da ake danne gashin gaban goshi da shi, ko kwaɓin lalle da na chebe na mutanen Chadi tun ba a wanke ba, wannan shamaki ne. An ruwaito a Mudawwana, babban littafin fiƙihun Malikiyya, cewa Imamu Malik ya ce wanda yake da lalle a kansa ba zai shafa a kansa ba har sai ya cire shi. Wasu malamai sun sassauta a shafar alwala kaɗai, suna kafa hujja da cewa Annabi (SAW) ya yi harama da Hajji alhali ya danƙare gashinsa da abin da zai riƙe shi, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, amma a wanka kowa ya haɗu a kan sai an gusar da abin da yake tare ruwa. Idan kina shakkar wani jel, shafa shi a bayan hannunki, ki bari ya bushe, sannan ki zuba ruwa: in ya narke ya bi ruwan, babu laifi, in kuwa ruwan ya zame ya bar wani abu da kike iya ɓamɓarewa da farce, to sai kin wanke shi kafin tsarki.

Masu miƙar da gashi da zare su ma su sani cewa masu sharhin Mukhtasar Khalil sun ce kitson da aka yi da zaruruwa masu yawa ana warware shi a alwala da wanka, saboda zaren ya shiga tsakanin ruwa da gashi. Wadda aka naɗe mata gashi da zare tun daga tushe har ƙarshe, to hannunta zare yake shafa, ba gashi ba.

Sharaɗi na gaba shi ne rashin cutarwa, saboda hadisin da yake cewa babu cuta babu cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Yawancin rilaksa masu ƙarfi ana haɗa su ne da soda mai ƙuna, irin wadda mata suke haɗa sabulu da ita, ko da wani sinadari ɗan'uwanta, shi ya sa idan ta daɗe a kai take ƙona fata, washegari a ga gashi ya manne da ruwan ciwo, gaban goshi kuma ya riƙa ja da baya. Wasu magungunan miƙarwa da ake kira keratin suna fitar da fomaldehaid idan zafi ya taɓa su, sinadarin da ake adana gawa da ruwansa, wanda hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin abubuwan da suke jawo sankara. A shekarar 2022 kuma Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun fitar da sakamakon bin diddigin mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, inda aka ga waɗanda suke amfani da magungunan miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun ninka waɗanda ba sa amfani da su kamuwa da sankarar cikin mahaifa, wato an ƙiyasta kusan kashi 4 cikin 100 zuwa shekara 70 da haihuwa a maimakon kashi 1.6. Binciken ya nuna alaƙa ne, bai yanke cewa maganin ne sanadi ba, don haka ba zan ce rilaksa haramun ce ga kowa ba. Abin da nake cewa shi ne: wadda ta jarraba ta ga tana ƙona mata kai ko tana zubar mata da gashi, ko likita ya hana ta, to ta haramta a gare ta, wadda ba ta ga cuta ba, ya halatta, tare da cewa ragewa ya fi, kuma ta duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ta guji haɗin da ake sayarwa a roba babu suna babu bayani.

'Yarki kuwa, ina ba ki shawara mai ƙarfi kada ki sa mata. Fatar kan yarinya 'yar shekara 6 ba ta kai ta babba ƙwari ba, ba ta da mijin da za ta yi wa ado, kuma amana ce a hannunki da ba ta isa ta zaɓa wa kanta ba. Kukan ranar tsifa yana da magani mai sauƙi: a jiƙa gashin, a shafa mai, a raba shi kashi-kashi, a fara warwarewa da yatsu daga ƙarshensa zuwa tushe kafin a kawo mataji mai manyan haƙora, kuma a daina kitso mai ɗaurin da yake ɗaga fatar goshi. Ki kuma kula da abin da kike faɗa a gabanta, domin yarinyar da ta tashi tana jin ana kiran gashinta mummuna za ta ɗauka aibi ne a halittarta, alhali Allah ya ƙidaya saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22. Ke ma ki tsaya a niyyar neman sauƙi da ado, domin raina yadda Allah ya yi ki shi ne abin da zai iya mayar da halal ya zama abin zargi.

Abu biyu ne a shagon gyaran gashi suke haramun ko da miƙarwar ta halatta. Na farko, namiji ya taɓa ko ya kalli gashin macen da ba muharramarsa ba, haka ma fita da shi a buɗe ko ɗora hotonsa a intanet, domin aya ta 31 a Suratun Nur ta iyakance waɗanda ake bayyana wa ado. Na biyu, ƙarin gashi, wanda sau da yawa ake tallata wa mace bayan an gama miƙar mata da nata. A nan ne tsinuwar da maƙwabciyarki ta ji take: Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Asma'u 'yar Abubakar cewa wata mata ta nemi izinin ƙara wa 'yarta gashi, amarya ce da ciwo ya zubar mata da shi, amma Annabi (SAW) bai ba ta izini ba, ya ce Allah ya la'anci mai ƙarawa da wadda ake ƙara wa. Malamai sun yi saɓani a kan abin da ba gashin mutum ba, kamar ulu da zare, inda Laisu ɗan Sa'ad ya halatta, Imamu Malik kuma ya hana, saboda hadisin Jabir a Muslim da ya tsawatar a kan mace ta sadar da wani abu a kanta. Gashin roba da aka ƙera shi ya yi kama da na mutum har mai kallo ya ɗauka naki ne, ki nisance shi. Zare ko ƙyalle mai launi da ake ɗaure ƙarshen kitso da shi, wanda kowa ya san ba gashi ba ne, babu laifi a kansa.

Wallahu a'alam.