Akwai allurar riga-kafin gubar gyaɗa mai fumfuna?

Tambaya: Likita, ƙuli-ƙuli nake yi a Garwa. An auna maigidana an ce yana da ciwon hanta nau'in B, aka kuma ja mana kunne kan gyaɗa mai fumfuna. Wani mai magani a kasuwa ya ce yana da allurar da ke hana gubarta kama mutum. Hankalina a tashe yake. In kai shi?

Amsa: Hajiya, kada ki kai shi. Gubar da fumfuna ke bari a gyaɗa sunanta aflatoksin, kuma babu allurar riga-kafinta da aka amince a yi wa ɗan Adam, a Kamaru ko a ko'ina. Kuɗinki mutumin nan yake so, kuma allurar da ba a san tsabtarta ba ita kanta hanya ce ta yaɗa ciwon hanta.

Ga dalili: gubar tetanus, alal misali, babban furotin ce, garkuwar jiki na ganinta, shi ya sa riga-kafinta ke aiki. Aflatoksin ta fi ta ƙanƙanta sau ɗaruruwa, sai ta wuce jiki bai lura ba. Dabarar masu bincike ita ce su ɗaure ta a jikin wani babban furotin, don jiki ya ƙera abin da zai kama ta a jini. An gwada a shanun tatsa a Italiya a 2011. Gubar da ke fita a madara ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Ga kuma cikas: daga hanji take zarcewa hanta kai tsaye.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maganar nan da nake ji kullum: "ai wuta ta kashe ta." Wa ya ce? Wuta na kashe fumfunar, gubar da ta bari kuwa suya ba ta gama da ita, tafasa ma haka. Mace za ta tsince gyaɗa, ta kai mai kyau kasuwa, ta tara yamutsattsiya, baƙa, mai ɗaci, ta soya ta kai niƙa. Man ya fita, yawancin gubar ta zauna a tunkuza, tunkuzar ta zama ƙuli-ƙulin da yara ke ci a hanyar makaranta. Wata ta zuba wa shanu, gubar ta dawo cikin nono. A 1960 abincin gyaɗa ya kashe talo-talo kusan 100,000 a Ingila, a nan aka gano gubar. A Kenya a 2004 masara mai wannan guba ta kashe mutum 125. Ba ɗanya suka ci ba, jama'a! Mu ji tsoron Allah kan abin da muke sayar wa 'ya'yan mutane.

Ga mai nau'in B irin maigidanki, gubar na ninka haɗarin sankarar hanta. Ki je asibiti a auna ki da yaran, wanda bai kamu ba a yi masa riga-kafin ciwon hantar, wannan kam akwai shi. Gyaɗa kuma ki shanya a kan tabarma har ta bushe ƙarau, ki ɗora buhu kan katako, lalatacciyar da aka tsince kuwa a binne ta.