Na sayi SSD mai tsada amma Raspberry Pi ɗina bai kai gudun da ke jikin kwali ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan wurin koyar da kwamfuta a Gusau, na haɗa Raspberry Pi 4, ƙaramar kwamfutar nan mai girman tafin hannu, ina ajiye darussa da bayanan ɗalibai a ciki. Na sayi SSD (ma'ajiyar bayanai) irin NVMe mai sauri, a kwali an rubuta 3500MB a sakan, na sa shi a kes ɗin USB, da na gwada 320 kawai yake ba ni, kuma wani lokacin sai komai ya tsaya cak. Cutata aka yi ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ba a cuce ka ba, 320 ɗin nan ma kusan iyakar Pi 4 ke nan. Ramukan USB 3 guda biyu masu shuɗin ciki duk kan layin PCIe (hanyar da bayanai ke bi zuwa ƙwaƙwalwar Pi) ɗaya tak suke, kuma layin nan ko a takarda bai wuce kusan 500MB a sakan ba, in ka cire abin da yarjejeniyar USB ke cinyewa sai ka dawo wajen 300 zuwa 350. Kamar ka gina babban tanki ne ka jona masa siririn tiyo. Da ka tambaye ni kafin ka saya da na ce ka ɗauki SSD irin SATA mai sauƙin kuɗi, gudun ɗaya zai ba ka a nan.

Amma kuɗinka bai tafi a banza ba. Katin memori a Pi 4 da kyar yake wuce 40 zuwa 45MB a sakan, kuma ba ma wannan ne babban bambancin ba. Linux, manhajar da ke tafiyar da Pi, ba manyan fayil yake karantawa duk yini ba, ƙananan gutsattsari ne na 4KB warwatse ko'ina, kuma a nan kati ke durƙusawa. Katin da aka buga wa tambarin A1 alƙawarinsa karanta irin waɗannan gutsattsari sau 1500 da rubuta su sau 500 ne a sakan, SSD mai kyau ko ta USB yana ninka haka sau da yawa, shi ya sa za ka ga burawuza ta buɗe da sauri, apt, mai sabunta manhajoji, ya gama sabuntawa ba ka yi hamma ba.

Tsayawa cak ɗin ce ta fi damuna, don ita ke lalata bayanai. Fara da wuta. Pi 4 yana son caja mai 5.1V 3A, kuma duka ramukan USB ɗinsa 1.2A suke rabawa, shi kuwa NVMe in ya fara rubutu yana jan wuta sosai. Na taɓa duba na wani, cajar waya ya jona da doguwar igiya siririya, jan fitilar allon sai ƙiftawa take, da muka canza caja shike nan. Buga umarnin vcgencmd get_throttled a Pi ɗin, in ka ga 0x0 lafiya lau, in wani abu ne daban to ko wuta ta yi ƙasa ko zafi ya yi yawa. Kuma ka san Gusau a watan Afrilu, Pi na fara rage gudu daga digiri 80, ka sa masa fanka don Allah.

In wuta lafiya take, sai ka zargi kes ɗin. Buga lsusb -t ka duba ko an rubuta uas ko usb-storage, wato hanyoyi biyu da Pi ke magana da kes ɗin. UAS ya fi sauri, sai dai wasu kes, musamman wasu masu cip ɗin JMicron, ba sa jituwa da shi a Pi 4, suna sandarewa. Maganin shi ne ka ɗauko lambobin kes ɗin da lsusb ka sa su a usb-storage.quirks cikin fayil ɗin cmdline.txt don kashe UAS, gudu zai ɗan ragu amma zai zauna daram. Ni dai na gwammace 250 da ba ya yankewa.

In wata rana ka koma Pi 5, wanda ya fito a 2023, kar ka yar da SSD ɗin. Yana da mahaɗin PCIe nasa, da ƙaramin allon M.2 da ake soka NVMe a kai za ka samu sama da 400, in ka sa dtparam=pciex1_gen=3 yakan haura 800, duk da kamfanin Raspberry Pi bai ba da tabbacin wannan saitin na Gen 3 ba. Ka auna tsawon SSD ɗinka tukuna, allon M.2 HAT+ na kamfanin gajeru yake ɗauka, 2230 da 2242 (tsawon 30mm da 42mm), mafi yawan na kasuwa kuwa 2280 ne (tsawon 80mm).

Kuma tunda bayanan ɗalibai ne a ciki kuma NEPA ba ta sallama in za ta ɗauke, ka jona shi ta batir ko sola, sannan duk Juma'a ka kwafe su a filashi daban.